Dakuwar da Ta Narke a Aljihun Liman

Ku 'yan matan yanzu da kuke zuwa ƙofar ɗakina da waya a hannu, kuna nuna mini wata Baturiya tana mulmula gyaɗa da zuma a kwanon gilashi, kuna cewa, "Iya Lantana, ashe wannan ma dakuwa ce, kuma ko wuta ba a ɗora ta a kai," to ku sami wuri ku zauna. Kun yi gaskiya, ba a dafa dakuwa, ba a gasa ta a tanda kamar burodi. Amma abin da kuka gani a wayar ƙarshen aikin ne kawai. Dunƙulawa ko jaririn da ya fara rarrafe ya iya, ku ba shi tuwo ku gani. Ni da na tsufa a gindin turmi, sai da wannan sana'ar ta ba ni kunyar da har yau ban gama wanke ta ba, kuma a daidai lokacin da nake ganin babu wanda zai ƙara koya mini komai.

A Nasarawan Doya na koya, a hannun Gwaggo Dije, yayar babanmu. Aikin farko da ta ba ni shi ne tsintar aya. Ta zube mini ita a faifai ta tafi harkarta. Na tsince tsakuwa da ƙwari da wadda ta ruɓe, na kai mata a ƙwarya ina jin kaina. Ta tura hannu cikin ƙwaryar ba tare da ta ko duba ba, ta zaro 'yar tsakuwa mai kalar aya sak, ta ɗora mini a tafin hannu, ta juye ayar duka a kan faifan ta koma ta zauna. Ko uffan ba ta ce ba. Haka muka yi ta yi har rana ta karkata. Sai da na fara hawaye sannan ta ce, "Haƙorin mutum guda in ya karye a dakuwarki, garin nan duka sun ji zafinsa." Gwaggo ba ta duka, amma da ta dake ki ya fi miki sauƙi a kan wannan shirun nata.

Bayan tsinta sai surfe, a ɗan yayyafa ruwa a sassaɓe ta a turmi har dattin bayanta ya fita, a wanke, a shanya a kan rufin ɗaki inda akuya ba ta kaiwa. Sai suya a kasko da rairayi mai tsabta. Ido ba ya gaya miki aya ta soyu, kunne ne ke gaya miki, don ƙarar da take yi a jikin kaskon tana sauyawa, ta koma sakayau. In kika tsaya gulma kika bari ta zarce, ɗaci ya shiga ke nan, kuma duk sukarin duniya ba zai fitar da shi ba. Gyaɗa ma haka, a soya, a murje, a fece ɓawon. Turmin dakuwa kuwa nasa daban ne. Ranar da wata maƙwabciya ta ari turmin Gwaggo ta daka daddawa a ciki, Gwaggo ta bar mata shi kyauta, ta kuma daina amsa gaisuwarta har aka yi girbi. Yau kuna kai wa mai inji, na sani, ni ma da kafaɗata ta fara ciwo ina kaiwa. Amma sai na tsaya a kansa ya wanke injin a gabana, in ba haka ba ya niƙa miki a bayan tattasai ki dawo da abin da ba shi da suna.

Zaƙin namu ba na sukari ba ne kaɗai. Mu mutanen ƙasar rake ne, don haka Gwaggo takan aika garin Gazara a sayo mata mazarƙwaila busasshiya, wadda in kin buga ta da taɓarya take fashewa, ba mai danƙo ba. A haɗa da ɗan gishiri da citta da kanumfari da barkono kaɗan, wanda zai taɓa maƙogwaro ya wuce. Daga nan sai kirɓi, kuma nan ne sana'ar take. Ana kirɓawa har man gyaɗar ya taso ya kama garin ayar. In kin tsaya da wuri ta wargaje a hannun mai saye. In gyaɗa ta yi yawa ta yi ta tsatsar mai.

Wannan tsatsar man ita ce abin da Gwaggo ta fi ƙi a duniya, kuma sai kun san masu sayenmu za ku gane dalili. Ba masu faranti da cokali ba ne. Manomi ne zai tafi gona tun da sassafe, da mai saran rake, da direban da ke lodi ranar kasuwar Makarfi, da tsohon da zai kai wa jikokinsa tsaraba. Kowannensu in ya saya, aljihu yake jefawa. Dakuwa abincin aljihu ce, za ta wuni a jikin mutum cikin rana da gumi, kuma dole ta fito yadda ta shiga. Shi ya sa da an sauke taɓarya Gwaggo takan gutsuri kaɗan ta dunƙule, ta ɗora a kan farin ƙyalle a bisa katanga inda rana ta fi duka. In ƙyallen ya nuna tabo, a ƙara garin aya a koma turmi. Ni ma haka na riƙe, ban taɓa sauke turmi ban yi gwajin ƙyalle ba.

Aure ne ya kawo ni wani ƙauye kusa da Taba, a ƙasar Kudan, na zo da turmina da kaskona. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Malam Habu, limamin masallacin unguwarmu. Gidan karatu ne tun kakanni, duk namijin da ke unguwar a zaurensa ya yi karatu, har da maigidana da 'ya'yana. Tsoho ne siriri mai tsananin tsabta, wanda ko kunu ya ɗiga masa a hannun riga sai ya tashi ya sake wata. Matarsa Inna Yalwa ita ta karɓe ni kamar 'yarta tun ina amarya. Kowace Sallah ni nake yi wa gidan dakuwa cike da fanteka, don masu zuwa gaisuwa. Malam kuma yana da wata al'ada, yakan cika aljihunsa da ita in zai tafi masallaci, in an idar ya tsaya a ƙofa yana miƙa wa yara ɗai-ɗai. Shekaru masu yawa muna haka, ba a taɓa samun ko ɗigon mai a rigarsa ba, kuma ina alfahari da hakan.

To sai shekarar da ƙaramar Sallah ta faɗo a tsakiyar bazara. A lokacin raina a ɗan ɓace yake da sana'ar, don yara irinku sun cika gari da cincin da kek a cikin leda mai ƙyalli, ana ta yaba su, dakuwa kuwa an fara kiranta abincin tsofaffi. Ƙanwata Hauwa da ke koyarwa a Ikara ta ja ni Zariya sayen kayan Sallah. A wani kanti muka ga wata alewar cakulan ƙanana, kamar ƙwan tsuntsu, da ruwan hoda da shuɗi da ɗorawa da kore. Mai kantin ya ce a wannan lokacin na shekara kawai ake kawo ta, in ta ƙare sai baɗi. Hauwa ta zaro waya ta nuna mini irin abin da kuke nuna mini yanzu, dunƙule-dunƙule da waɗannan alewoyin a jiki.

"Yaya, ki dubi wannan don Allah. Ai dakuwarki ce aka yi wa kwalliya."

Na ɗauki guda na matsa da yatsa, na ji bayanta da tauri kamar ɓawon ƙwai. Na ce a raina, bana sai an san Lantana ba ta tsufa ba. Ba Hauwa ce ta tilasta mini ba, da ƙafata na koma wajen mai kantin na ce ya auna mini.

A kwanakin ƙarshe na azumi na yi aikin. Na kirɓa, na yi gwajin ƙyalle kamar kullum, ƙyalle ya fito fes. Sai da dakuwar ta huce na bi ta ina tura alewa a cikin kowane dunƙule, in kuma maƙala wata a sama don ado. Kun ga inda aka samu matsala? Ana gwajin ƙyalle ne da an sauke taɓarya, haka na koya, haka hannuna ya saba, alewar kuwa bayan gwajin ta shigo. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa abin da na ƙara ya mai da ita wani abinci dabam da ke bukatar nasa gwajin. Na jera su a gindin randa inda ke da sanyi. Da aka sha ruwa muka ɗanɗana ni da Maigida, ya ce bai taɓa cin irinta ba. Da na kai wa Inna Yalwa ta buɗe fantekar, sai da ta tafa hannu ta kira matan gidan su zo su ga ikon Allah.

Ranar Sallah aka tashi da zafi irin wanda ko kaji sai sun buɗe baki. Bayan an sauko daga idi Malam ya zauna a zaurensa a kan buzu, cikin sabon farin kaftani na shadda, jama'a na shigowa gaisuwa. Tun da hantsi ya ɗebi dakuwar ya zuba a aljihun gefe saboda yara. Zauren rufin kwano ne. Ya zauna a nan yana jingina ta wannan ɓari yana komawa wancan har aka kira azahar.

Ni ina gida ban san komai ba, sai na ga Maigida ya dawo daga masallaci ya wuce tuwon Sallah ko kallonsa bai yi ba. Ya zauna a bakin gado ya cire hula.

"Lafiya, Maigida?"

"Malam ne," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tsufa ya zo wa Malam."

Da ƙyar na ciro maganar daga bakinsa. Yana sahun farko. Da Malam ya sunkuya ruku'u, kowa ya ga wani tabo mai ruwan ƙasa a farin kaftanin, daga kwankwaso ya bazu ta baya, jiƙe, har ya manne a jiki. Babu wanda ya iya cewa komai. Wa zai buɗe baki ya gaya wa malaminsa irin wannan? Aka sallame, kowa ya sunkuyar da kai ya sulale. Yaran ma iyayensu suka janye su tun kafin Malam ya fito ƙofa. Maigida ya ce ya ga wasu dattawa sun shiga gida suna sake sallar.

Na yi salati na tausaya wa tsoho, wallahi ban kawo komai a raina ba. Sai da na fita rumfa ɗauko wa baƙi ragowar dakuwata da na bari a faranti tun safe. Na ɗaga ɗaya, ta lotse a hannuna, wani abu mai ɗumi ruwan ƙasa ya bi yatsuna ya gangaro har gwiwar hannu. Na tsaya ina kallonsa.

Ko mayafi ban yafa daidai ba na faɗa gidan Malam. Na sami Inna Yalwa a bayan ɗaki, durƙushe gaban baho, idanunta jawur. Kaftanin na kan igiya yana ɗigar ruwa, fari tas.

"Inna, dakuwata ce! Wallahi dakuwata ce!"

"Na sani, Lantana," ta ce. "Amma sai da na tsoma ta a ruwa na sani. Da ya shigo na gani, ni ma abin da kowa ya zata shi na zata. Na karɓe rigar da sauri don kada yaran gida su gani. Ina cikin cuɗawa na juya aljihun, sai ga gyaɗa, ga ruwa ya koma shuɗi da kore." Ta share fuska da gefen zane. "Da na sani da ban wanke ba. Da na fita da ita haka na nuna wa duk unguwa."

Na ce ai ba komai, magana ce mai sauƙi, za a faɗa wa mutane su gane, har ma a yi dariya. Haka na zata. Na koma na gaya wa Maigida, ya zabura ya sa hula, bayan la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi wa dattawa bayani tiryan-tiryan, alewa ce, ta iyalinsa ce, zafi ne ya narkar da ita. Suka saurare shi har ya gama. Sai Alhaji Tanko, wanda ya fi kowa shekaru a cikinsu bayan Malam, ya kama hannunsa ya riƙe.

"Allah ya saka wa iyalinka da alheri. Haka ake son maƙwabci. Ka ce mata mun ji, kuma mun gode."

Maigida ya dawo yana murna, ya ce an wuce wurin. Ni kuwa wannan godiyar ba ta kwanta mini ba. Me na yi da za a gode mini? Kafin kwana biyu amsar ta iso ni ta bakin mata. Wai Lantana 'yar halak ce, ta ɗauki laifi ta ɗora wa sana'arta don ta rufa wa tsoho asiri. Wai ko 'yar cikinsa iyakar abin da za ta yi ke nan. Shaidar Inna Yalwa kuwa ba ta da nauyi, matarsa ce, me ake so ta ce?

Kun san halinmu. Tun muna yara ake koya mana kara, in babba ya yi abin kunya a gabanka ka ce ba ka gani ba, in ta kama ma ka ce kai ne. Na sha ganin an yi, ni ma na sha yi. Ban taɓa tunanin ranar da zan faɗi gaskiya tsirara a ɗauke ta a matsayin kara ba. Duk rantsuwar da na yi sai ta ƙara mini daraja, ta ƙara tabbatar wa mutane abin da suke zato game da Malam. Sahu ya fara raguwa. Masu kunya suka riƙa zagayawa masallacin bakin kasuwa, wai sun je sayen wani abu sallah ta riske su a can.

Da abin ya ishe ni na ce to bari in nuna musu da idonsu. Aka yi suna a gidan Alhaji Tanko, mata cike da tsakar gida. Na zo da farin ƙyalle da ragowar dakuwar, na ƙulle ta a ciki, na ajiye a kan murfin tukunya a rana. Na ce kowa ta zuba ido. Ba a jima ba na ɗauko na danna da tafin hannu, tabon ya fito, ruwan ƙasa, sak yadda aka kwatanta. Na ɗaga shi sama ina juyawa, na ce, "To kun gani? Wannan ne a rigar Malam!"

Sai uwargidan Alhaji ta girgiza kai, ta ce, "Allahu akbar. Ku dubi har dabarar da ta zauna ta ƙulla. Lantana, Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira yadda kika rufa wa bawan Allah nan." Mata suka amsa da amin, wata tsohuwa har da hawaye. Na tsaya a tsakiyarsu da ƙyalle a hannu kamar mahaukaciya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma addu'a ake yi mini.

A cikin satin Malam ya tura ɗalibinsa Malam Isiyaku gaba ya riƙa jan sallah, ya ce gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala. Shi ya koma sahu, can gefe kusa da bango. Mutane suka ce to ai ga shi nan, shi ma ya san abin da ke damunsa.

In kuka tambayi masu sana'a wace ce muguwar shekararsu, za su ce shekarar da aya ta yi tsada, ko wadda gyaɗa ta yi funfuna. Ni muguwar shekarata ita ce wadda na fi kowace ciniki. Labari ya kai Kudan, ya kai Makarfi, har Ikara Hauwa ta ji shi a bakin abokan aikinta. Masu biki da masu suna suka riƙa aiko wa "matar nan mai rufin asiri", wai hannunta da albarka. Turmina bai huta ba. Kowace fanteka ta fita daga gidan nan na san da mutuncin wa aka saye ta. Na yi tunanin in daina, Maigida ya ce in na daina za a ce baƙin cikin ciwon Malam ne ya hana ni, maganar ta ƙara tsawo. Alewar da ta rage na juye ta a masai.

Sai da damina ta sauka na iya tattara ƙarfin zuwa gaban Malam. Inna Yalwa ta raka ni, na durƙusa daga bakin ƙofa, yana zaune da littafi a cinya.

"Allah gafarta Malam, barka da hantsi."

"Barka kadai, Lantana. Ina gajiya? Ya yaran? Ya ruwa ya same ku?"

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na rasa ta inda zan fara. Da na fara kuma sai kuka ya ci ƙarfina. Na ce ya yafe mini, na ce ya taimake ni ya faɗa da bakinsa, ko bayan sallar asuba ce, kalma ɗaya tasa ta fi rantsuwata dubu.

Ya rufe littafin. "Babu abin yafewa, 'yata. Ni na zuba a aljihuna, ba ke ba. Kuma na ɗanɗana guda kafin in zuba, da daɗi." Har ya ɗan yi murmushi. "Amma ki duba mini. In tashi a gaban mutanen da na koya wa alwala, in ce musu jama'a, abin da kuka gani ba abin da kuke zato ba ne? Za su ce na'am Malam, gaskiya ne Malam. Sannan kowa ya tsaya a bayana yana satar kallon rigata. Mutum ba ya sallah da ido a rigar liman. Gara su bi Isiyaku hankalinsu kwance."

"To ni fa, Malam? Yabona ake yi a kan abin da ban yi ba."

"Wannan kuma naki ne, sai ki ɗauka," ya ce. "Ni ma ina ɗauke da nawa."

Da zan tashi ya ce in Babbar Sallah ta zo in yi musu irin ta da, kuma in daka ta da laushi saboda haƙoransa. Na yi. Ya cika aljihu ya tafi masallaci, ya tsaya a ƙofa yana raba wa yara kamar yadda ya saba, sai dai yanzu daga sahu yake fitowa. Bai ƙara jan sallah ba har Allah ya karɓi abinsa, a daminar da ta biyo.

Don haka in kun ce za ku zuba cakulan, ko madarar gari, ko wannan garin ƙarin ƙarfi da 'yan ƙwallo ke sha, ni ban hana ku ba. Zamani naku ne. Amma ku tambayi kanku inda abin zai kwana bayan ya bar hannunku. Matar cikin wayar nan firji gare ta, kuma wanda zai ci nata a faranti zai ci, a ɗaki mai sanyi. Naku aljihun manomi zai shiga, a watan da ƙarfe ke ƙona hannu. Duk abin da kuka ƙara, ko ƙwaya ɗaya ce, ku sake gwadawa daga farko, a rana, ba a gindin randa ba.

Watan jiya wata budurwa ta yi sallama a gidan nan, doguwa siririya, tana buɗe baki na ga kamannin. Jikar Malam ce ta wajen 'yarsa da ke aure a Ikara, za a yi bikinta, ta zo a yi mata dakuwar kamu. Na ce ai akwai masu yi a Ikara, me ya kawo ta har nan?

"Mama ce ta ce ba za a saya a ko'ina ba sai wajenki, Iya. Ta ce ke kika rufa wa kakanmu asiri lokacin da lalurar nan ta same shi."

Na ajiye rariyar da ke hannuna. Na zaunar da ita a tabarma, na faɗa mata komai, tun daga kantin Zariya har bahon Inna Yalwa. Na ce kakanta bai taɓa yin wata lalura ba, da tsarkinsa ya ja sallar nan, da tsarkinsa ya koma ga Allah, in tana so a ɗauko Alƙur'ani in yi alwala in dafa. Ta saurare ni da ladabi, kanta a ƙasa, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ɗago, idonta ya ciko da ƙwalla, ta kama hannuna da hannu biyu.

"Allah sarki, Iya," ta ce. "Wallahi haka Mama ta ce za ki ce."